Sabar gida a Ƙofar Ƙaura: yadda aikin faya-fayai da katin H310 ke tafiya

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Kayan da ke ƙasa: kwamfutar tebur mai Core i5-8500, RAM 32GB, fawa-fak mai wat 550, ƙananan SSD biyu da za a ɗora Proxmox a kansu (manhajar da ke ba da damar tafiyar da wasu kwamfutoci a cikin kwamfuta ɗaya), sai faya-fayan ajiya shida na hannu, kowanne 4TB. Huɗu SATA ne, irin na kwamfutar tebur, biyu SAS, irin na manyan saba. Abin da ake so shi ne a haɗa shidan su zama rumbu ɗaya na ZFS, manhajar da ke haɗa faya-fayai tana kula da bayanan da ke kansu, a tsarin RAIDZ2, yadda ko biyu sun mutu lokaci guda ba za a rasa komai ba. Wurin ajiyar da zai rage 16TB ne a lissafin masu sayarwa, amma kwamfuta za ta nuna sama da 14 kaɗan, domin ita da 1024 take ƙirga ba da 1000 ba.

Bod ɗin, wato babban allon cikin kwamfutar da ake jona komai a kansa, yana da ramukan SATA shida, SSD sun ci biyu. Ko da ma sun isa, faifan SAS ba ya aiki a ramin SATA. Akasin haka ne ke yiwuwa: katin SAS yana karɓar faifan SATA ba gardama. Saboda haka dole sai da katin da zai ƙara ramukan jona faya-fayai.

Mun duba irin katin nan mai ramuka goma da ake sayarwa da araha, muka ajiye shi. Guntun ASM1166 ramuka shida yake da su na gaskiya, JMB585 biyar. Duk ƙaramin katin da ya yi alkawarin goma ko sha shida, to akwai wani guntu a bayansa irin JMB575 da ke raba hanya ɗaya gida biyar, kuma in faifai ɗaya ya rikice yakan ja 'yan uwansa huɗu su ɓace tare. Rumbun da zai iya jure rashin biyu ba zai jure rashin biyar ba. Araha ba ta ado.

Wanda muka ɗauka shi ne Dell PERC H310, na hannu, mai guntun LSI SAS2008, irin wanda ke kan LSI 9211-8i. Ramuka biyu ne na SFF-8087, kowanne yana ɗaukar faifai huɗu. Kada a ruɗe da tsofaffin katuna masu guntun SAS1068E da suka yi kama da shi a ido, waɗancan ba sa ganin abin da ya wuce 2TB.

Lahadi, 26 ga Janairu

Da aka sa katin a babban gurbin PCIe na sama, kwamfuta ta ƙi tashi. Fanka na juyawa, allo baƙi. Aka cire sandar RAM ɗaya, ta tashi. Aka mayar, ta sake ƙi. Aka cire katin, ta tashi da 32GB cif.

RAM ɗin lafiyarta ƙalau. Katin ne yake magana ta layin SMBus, kuma ta wannan layin ne bod yake karanta bayanan sandunan RAM lokacin tashi. A sabar Dell an tsara su ba sa karo, a wasu bod-bod na tebur kuwa sai su yi. Maganin shi ne a rufe ƙafafu biyu na katin, B5 da B6. Ɓangaren B shi ne fuskar da ƙarfen sanyaya yake, ana fara ƙirga daga gefen ƙarfen da ake ɗaure wa jikin akwati. Tazarar ƙafa da ƙafa milimita 1 ce, don haka tef ɗin faɗinsa milimita 2 ne kawai. Mun yanka tef na Kapton, siririn tef mai jure zafi, da reza a kan gilashi, muka ɗora da hantsaki, muka bar jelarsa ta haura saman katin don ta kama sosai. Kada ya naɗo ta ɗaya fuskar ya rufe na ɓangaren A. Baƙin tef na masu wayarin bai dace ba: yana da kauri, ɗankonsa yana narkewa da zafi, kuma yakan zame ya maƙale cikin gurbi.

Ta tashi da 32GB da katin a ciki. A BIOS mun kafe hoto a kan na cikin furosesa, don kada bod ya riƙa neman hoto a gurbin da katin yake.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau filashin, wato sauya manhajar da ke cikin katin. Da manhajar Dell da ya zo da ita, `lspci` yana nuna shi a matsayin MegaRAID SAS 2008, direbansa `megaraid_sas`. A haka ma yana iya miƙa faifai ba tare da RAID ba, sai dai umarni 25 kacal yake iya jerawa a layi lokaci guda, alhali da manhajar IT ta LSI, wadda ke miƙa faifai kai tsaye, yana kaiwa 600. Bayan haka, ZFS yana son ya ga faifai tsirararsa, ya karanta SMART, wato rahoton lafiyar faifai, kai tsaye, in an samu kuskure ya ji daga bakin faifan ba daga bakin ɗan aike ba.

An yi filas na USB mai FreeDOS, aka zuba `megacli`, `megarec`, `sas2flsh` iri biyu (tsohon P5 da na P20) da fayilolin manhaja. Kafin a taɓa komai an karanto adireshin SAS na katin da `megacli -AdpAllInfo -aAll`, lamba ce mai gurbi 16 da ta fara da 5, aka rubuta a takarda aka kuma ɗauke ta hoto. Gogewar da za a yi tana tafiya da ita.

Sai `megarec -readsbr 0 h310.sbr` don ajiye na asali, `megarec -writesbr 0 sbrempty.bin`, sannan `megarec -cleanflash 0`, aka sake tayar da kwamfuta. A nan ne `sas2flsh` ya tsaya da "Failed to initialize PAL". Wannan ba mutuwar kati ba ce, ko da yake a lokacin katin babu komai a kansa kuma hankali yakan tashi. Sababbin bod masu UEFI ba su da wani tsohon kira na BIOS da shirin DOS ɗin yake nema. Hanya biyu ce: ko a koma `sas2flash.efi` ta cikin EFI, ko a kai katin tsohuwar kwamfuta. Akwai wata Core 2 Duo a ajiye, muka kakkaɓe mata ƙura muka yi da ita.

Jerin da ya yi aiki: `sas2flsh -o -f 6GBPSAS.FW`, wato manhajar HBA ta Dell, a sake tayarwa. Sai a ɗora manhajar IT ta P7 da tsohon shirin P5, domin shi ne yake tambaya ko a ci gaba duk da cewa sunan kamfani bai dace ba, sababbin kuwa ƙi suke yi kai tsaye. A amsa da y. A sake tayarwa, sai `sas2flsh -o -f 2118it.bin` na P20. Daga ƙarshe `sas2flsh -o -sasadd` da lambar nan ta takarda.

A kula da lambar P20 ɗin. Ta zama 20.00.07.00. Fitowar farko ta P20 tana da kurakurai da ke sa faifai ya riƙa yankewa, kuma har yanzu tana yawo a fayilolin da mutane ke turawa juna.

Ba mu ɗora `mptsas2.rom` ba. Amfaninsa shi ne a iya tayar da kwamfuta daga faifan da ke kan katin, mu kuwa daga SSD muke tashi. Barinsa yana rage jiran tashi, kuma yana rage rigima in an zo miƙa katin ga na'urar cikin Proxmox. Duk aikin an yi shi da rana batirin solar gidan a cike, saboda yankewar wuta a tsakiyar rubuta manhaja ita ce kan aika kati kwandon shara.

Yanzu `dmesg` yana nuna `mpt2sas_cm0` da FWVersion(20.00.07.00). Sunan direban a Linux na yanzu `mpt3sas` ne, tun da aka haɗe su biyun, amma saƙonnin wannan guntu da tsohon sunan suke fita.

Talata, 4 ga Fabrairu

An jona faya-fayan SATA huɗu. Kati bai ga ko ɗaya ba.

Faifai huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. Biyu daga ciki da aka kai ramin bod sun fito nan take. Kebul ne. SFF-8087 mai rassa huɗu na SATA iri biyu ne, kuma a ido ba su da bambanci: ɗaya daga kati zuwa faya-fayai, ɗayan daga ramukan SATA na bod zuwa bayan akwatin saba. Wayoyin aikawa da na karɓa a juye suke. Namu na biyun ne, ledarsa ba ta ce komai ba. In za a yi oda a tabbata an ga kalmar forward a rubuce, a kuma gaya wa mai kaya cewa babban kan a kati zai shiga.

An yi odar biyu daga Legas: mai rassan SATA ɗaya, da mai rassan SFF-8482 ɗaya saboda faya-fayan SAS. Bakin faifan SAS a haɗe yake tsakanin wurin wuta da wurin bayanai, kan SATA ba ya shiga.

Sauran biyun SATA kuwa ko a ramin bod ba su motsa ba. Mun ajiye su gefe, sai kebul ya iso.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kebul ya iso. Biyu na SATA sun fito. Biyun nan da suka ƙi motsi har yanzu shiru, in an ɗora hannu ba a jin ko girgiza. Amma da aka sa ɗaya a akwatin USB mai cajarsa, ya juya ya fito da 4TB ɗinsa.

Wannan ƙafa ta 3 ce ta bakin wuta. A ƙa'idar SATA 3.3 ta 2016 an ba ta sabon aiki: in wuta ta hau kanta, faifai ya kashe kansa. An yi haka ne don a manyan ɗakunan saba a iya kashe faifai a kunna daga nesa. Fawa-fak na tebur kuwa, bisa tsohuwar ƙa'ida, yana tura volt 3.3 zuwa ƙafafu 1, 2 da 3 ba yankewa, ta wayar nan mai ruwan lemo. Sai faifai ya ji kullum ana ce masa ya kwanta. Akwatin USB ba ya ba da 3.3, shi ya sa ya tashi a can.

Ana iya rufe ƙafar da Kapton, ƙafa ta 1 ita ce mafi kusa da bakin bayanai, kuma babu laifi in an rufe ukun gaba ɗaya tunda faifai mai inci 3.5 volt 5 da 12 kawai yake sha. Amma tef yana ɓarewa duk sanda aka zare kan wuta. Mun zaɓi mu sa wayar ƙari a tsakani, muka yanke mai ruwan lemon a jikinta muka rufe bakin, fawa-fak bai ji ciwo ba. Abin da ba za mu sa ba shi ne 'yar wayar nan mai mayar da Molex zuwa SATA wadda aka narka robarta ta zama dunƙule ɗaya. Tana magance matsalar, gaskiya ne, amma ƙafafunta na iya matsowa cikin robar su haɗu, kuma an san ta da kama wuta. In dole ne a nemi wadda ake ganin an matse kowace waya da ƙarfenta.

An raba faya-fayan gida biyu, uku a kan kowace wayar fawa-fak. Lokacin tashi kowane faifai yana jan kusan amp 2 a layin volt 12, shida a waya ɗaya ya yi yawa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Faya-fayan SAS sun fito a `lsscsi -g`, amma `lsblk` yana nuna girmansu 0B. A `dmesg`: "Unsupported sector size 520". Daga manyan akwatunan ajiya na kamfanoni aka ciro su, inda ake ƙara bayit 8 a kan kowace sekta don tantance bayanai. Linux 512 ko 4096 ya saba da su. `sg_readcap -l` ya tabbatar da 520.

Gyaran yana cikin `sg3_utils`: `sg_format --format --size=512 /dev/sg4`. A lura lambar `sg` ce ba `sd` ba, kuma a gwada ta da lambar jikin faifai sau biyu kafin a danna, don umarnin ba ya tambayar ko wane ne. Faifan ne da kansa yake yin aikin a ciki, kwamfuta leƙe kawai take yi. Rufe taga ba ya tsayar da shi. An saki biyun tare bayan la'asar, lissafin da yake nunawa ya kai kusan awa tara.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Da safe an tarar kwamfuta ta sake tashi cikin dare. Faya-fayan biyu suna amsa sunansu, amma duk abin da aka tambaye su sai "Medium format corrupted". Haka faifai yake cewa in an katse shi a tsakiyar aiki. Ba a rasa su ba, sake `sg_format` daga farko shi ne magani. Tambayar ita ce me ya kashe kwamfutar da ke kan inbata.

An ɗauke wuta wajen sha ɗaya na dare. Fitilu da fanka ba su nuna komai ba, kwamfuta ce kaɗai ta ji. Irin waɗannan inbatoci na sola suna da saiti biyu na karɓar wutar waje, a namu saiti na 03 ne: APL da UPS. A APL yana karɓar daga volt 90 zuwa 280, kuma sauyawa zuwa batir tana ɗaukar kusan milisakan 20. A UPS daga 170 zuwa 280, sauyawa kusan milisakan 10. Ƙa'idar ATX kuwa milisakan 16 zuwa 17 take neman fawa-fak ya riƙe in wuta ta yanke, kuma wanda ya tsufa ba lallai ya kai ba. Ga inda gizo yake saƙa. Masu haɗa sola a garin nan sukan bar shi a APL da gangan, saboda wutar da ke zuwa da yamma takan yi rauni kuma ba sa son batir ya riƙa zubewa.

An mayar UPS. An gwada sau biyar ta hanyar sauke makunnin wutar waje kwamfuta na aiki, ba ta ƙifta ba. Kuɗin da za a biya shi ne duk sanda wuta ta sauka ƙasa da 170 gidan zai koma batir. Sabar tana jan kusan wat 95 in faya-fayai shida na aiki, wato kusan 2.3kWh a kwana. Batir biyu masu 200Ah a volt 12 suna riƙe 4.8kWh a takarda, rabi ne abin taɓawa in ana son su yi ƙarko. Dare ɗaya sabar kaɗai ta ci kusan rabin wannan rabin, kafin a zo maganar firij.

An sake sakin aikin da sassafe don ya ƙare rana na sama. Ya kammala. `blockdev --getsize64` ya ba da 4000787030016 a duka shidan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin juriya. Kafin farawa an ɗauki `smartctl -a` na kowane faifai an ajiye a fayil mai sunan lambar jikinsa, an kuma rubuta ƙarshen lambar a farin tef an manna a gefen da ake gani in an buɗe akwati. Sunaye irin `sdb` da `sdc` suna sauyawa, lambar jiki ba ta sauyawa.

Umarnin `badblocks -b 4096 -wsv`, shida a jere cikin `tmux`. Yana rubuta zane huɗu, 0xaa, 0x55, 0xff, 0x00, yana karanta kowanne, zagaye takwas ke nan, kuma yana share duk abin da ke kai. Ba don `-b 4096` ba, da bayit 1024 zai riƙa ƙirga, kuma lissafinsa ba ya wuce bit 32: faifan 4TB da ƙyar yake shiga, 6TB da 8TB ƙi yake yi.

Ranar Talata da aka fara, `iostat` ya nuna kowane faifai yana tafiyar kusan 65MB a daƙiƙa, alhali shi kaɗai yana haura 170 a farkonsa. Jimillar shidan ta tsaya kusan 400. Wannan lamba ita ta tona asiri, domin layi ɗaya na PCIe 2.0 500MB yake ɗauka a takarda, kusan 400 a aikace. `lspci -vv` ya nuna LnkCap x8, LnkSta x1. Katin ya sha shiga da fita tsakanin kwamfutoci biyu cikin hunturu, ƙura ta kwanta a gurbin. An tsayar, an hure gurbi, an goge ƙafafun katin da isopropyl, an sake sabon Kapton, an danna shi har ya zauna daidai kafin a ɗaure dunƙulen. Ya dawo x8. Da an bar shi, aikin da ya ci kusan awa 64 da ya haura 130.

Sakamako: shidan sun wuce ba kuskure. A na SAS abin dubawa shi ne "Elements in grown defect list", duka 0. A na SATA lambobin SMART ne: 5 (sektocin da suka lalace aka musanya), 197 da 198 (waɗanda suka ƙi karantuwa) da 199 (kuskuren hanya). Ɗaya, wanda lambar jikinsa ke ƙarewa da 7KD, yana da 8 a lamba 5 tun kafin gwaji, kuma bai ƙaru ba bayan zagaye takwas. Mun yi ta muhawara a kansa. An bar shi ya shiga, da sharaɗin a riƙa duba shi duk mako.

Lahadi, 9 ga Maris

An miƙa katin gaba ɗaya ga TrueNAS SCALE, manhajar da za ta kula da rumbun, da ke cikin Proxmox. Miƙa faifai ɗaya-ɗaya ya fi sauƙi, amma ta haka TrueNAS faifan kwaikwayo na QEMU yake gani, babu SMART, wahalar filashin ta tashi a banza.

VT-d, wato IOMMU na Intel da ke ba da damar miƙa kati haka, a kunne yake a BIOS. A kanel 6.8 zuwa sama IOMMU na Intel yana kunne da kansa, a ƙasa da haka sai an ƙara `intel_iommu=on`. A gurbin sama, wanda layukansa daga furosesa suke, katin bai haɗa rukuni da katin intanet ko ramukan SATA ba, don haka ba a buƙaci wata dabara ba.

Abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba: Proxmox ma ya san ZFS. In ya tashi ya ga faya-fayan kafin TrueNAS ya karɓi katin, akwai hanyar da zai iya buɗe rumbun, kuma rumbu ɗaya a hannun masu gida biyu lalacewa ce. An sa `options vfio-pci ids=1000:0072` da `softdep mpt3sas pre: vfio-pci` a `/etc/modprobe.d`, aka yi `update-initramfs -u`. Yanzu `lsblk` na Proxmox SSD biyu kawai yake gani. An ba TrueNAS 16GB, kuma da yake an miƙa masa kati, wannan RAM ɗin a kulle take gare shi ko yana amfani da ita ko ba ya yi.

An gina rumbun, ashift 12. SSD sun zauna a ramukan bod, domin wannan katin ba ya isar da TRIM, umarnin da ke gaya wa SSD wuraren da aka goge, sai ga SSD mai tabbatar da mayar da sifili bayan gogewa, kuma yawancin na kasuwa ba su da wannan. An fara kwashe bayanai da daddare bayan tarawihi, kusan 5TB cikin kwana huɗu.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Binciken rumbu na wata-wata, `zpool scrub`, ya faɗo da rana. Bayan kamar minti ashirin kurakurai suka bayyana a duka faya-fayai shida, kaɗan-kaɗan, a READ da CKSUM. `dmesg` ya cika da "attempting task abort", sai "sending diag reset", sai faya-fayai su ɓace su dawo.

Ido ya fara zuwa kan 7KD, amma SMART ɗinsa yana nan a 8. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. In shida sun yi kuka tare, a nemi abin da suka haɗa: kati ko wuta. Rassan kebul biyu ne daban, wayoyin wuta ma biyu ne daban, kuma duka ɓangarorin sun taɓu. An tsayar da binciken, aka sake shi bayan sallar asuba, ya yi awa biyu ba ko tari. Aka sake shi da ƙarfe uku na rana, ma'aunin bango na nuna 39, bai kai rabin awa ba ya fara.

SAS2008 ba ya faɗin zafinsa, sai an auna daga waje. Ma'aunin zafi mai haske ya ba da 88 a kan ƙarfen sanyaya, yatsa ba ya daƙiƙa ɗaya a kai. An ƙera katin ne don akwatin saba inda iska ke ratsawa da ƙarfi daga gaba zuwa baya, takardar 9211-8i tana neman iskar ƙafa 200 a minti da zafin kewaye da bai wuce 55 ba. A akwatin tebur, ƙarƙashin inda katin hoto ya kamata ya zauna, iska ba ta motsi. A Fabrairu sanyin hunturu ne ya rufa masa asiri har ya yi awa 64 yana aiki, bazara ta zo ta yaye.

An cire ƙarfen. Ƙusoshin robar da ke riƙe shi sun bushe, ɗaya ta karye a hannu. Man da ke ƙasa ya zama kamar busasshen tuwo, sai da aka jiƙa shi da isopropyl kafin ya ɓare, kuma ba a kankare da ƙarfe ba. An sa sabon mai ɗan ɗigo, an ɗaure da ƙusoshin M3 na nailan, aka ɗora fanka mai milimita 40 a kai da igiyar roba biyu, tana hura iska cikin ƙarfen. An jona ta kai tsaye a volt 12, ba a bar bod ya riƙa rage mata gudu ba tunda bod bai san zafin katin ba. An ƙara fanka biyu masu milimita 120 a gaban faya-fayai, waɗanda su ma sun kai 49 zuwa 52.

Washegari da ƙarfe uku: ƙarfen kati 56, faya-fayai 41 zuwa 43. `zpool clear`, sabon bincike, ya ƙare ba kuskure.

Laraba, 9 ga Afrilu

Faifai ɗaya na SATA ya tara 14 a lamba 199. Wannan lambar kuskuren hanya take ƙirgawa, ba na cikin faifai ba. Wajen sa fanka an lanƙwashe reshensa murfin akwati ya danne shi. An musanya masa reshe da maƙwabcinsa don a ga wa kuskuren zai bi, ya bi reshen, maƙwabcin ya tara 3. An miƙe shi an ɗaure nesa da murfi, ƙirga ta tsaya. Ba ta komawa sifili har abada, don haka an rubuta 14 da 3 a tef ɗin faya-fayan biyu, don kada wata rana a gani a ɗauka sabo ne.

Asabar, 19 ga Afrilu

Wannan karon 7KD ne da kansa. Lamba 5 ta tashi daga 8 zuwa 56 cikin mako ɗaya, 197 tana 16, 199 ba ta motsa ba. An sauya masa reshe da wayar wuta, kuskuren ya bi shi. `smartctl -t long` ya tsaya da "read failure", an maimaita ya tsaya a LBA ɗaya, wato wuri ɗaya a kan faifan. Sauran biyar shiru, zafi daidai. Rumbun yana nan ONLINE, ZFS ya gyara abin da ya kasa karantawa daga sauran.

An yi odar madadi, kuma an aika wa mai kaya da lambar samfuri ba girma kaɗai ba. A 4TB akwai masu rubutu a jere kamar jinka, SMR, da ke sanyi sosai in an daɗe ana rubuta musu, kuma sake gina rumbu rubutu ne na awoyi ba hutawa. WD40EFAX da ST4000DM004 SMR ne. WD40EFRX, WD40EFZX da ST4000VN008 CMR ne, masu rubutu irin na yau da kullum, cikinsu muke so. In ya iso za a fara duba girmansa, ko bayit kaɗan ya gaza ZFS na iya ƙin karɓarsa, sannan ya sha nasa `badblocks` na kwana uku kafin ya shiga.

Ba a cire 7KD ba, ba a kuma kashe shi ba. Kebul na SFF-8482 yana da rassa biyu a sake, kuma bakinsu yana karɓar faifan SATA. Za a jona sabon a ɗaya, a yi musanya tsohon na nan, yadda rumbun ba zai rage kariya ba ko na awa ɗaya. An dakatar da manyan kwafe-kwafe zuwa lokacin, an kuma mayar da duba SMART kullum. Akwatin wurin faifai shida gare shi, na bakwai zai kwanta a ƙasan akwati a kan kwali, daidai bakin fankar gaba, kuma ana neman ƙarin wayar wuta ɗaya da za a yanke wa mai ruwan lemo tun kafin ya iso.